Labulen 'Yar Dabawa

Shekara goma sha tara ina wankin labule, kuma har gobe in na ga an tsoma labule a baho an zuba masa omo ana cuɗa shi kamar zanin goyo, raina ɓaci yake yi. Labule ba riga ba ne. Riga duk mako tana shan ruwa, ta saba. Labule kuwa shekara yake yi a rataye, rana na cin sa ta baya, ƙura na cin sa ta gaba, in ka haɗa shi da ruwa babu dabara sai dai ka kwashe tsumma. A wani otal a Kaduna na koyi aikin, a hannun wani tsoho mai faɗan tsiya, sannan na dawo gida Dutsin-Ma na buɗe shago a hanyar jami'a. Sunana Rabo, amma Rabo Labule aka fi sanina da shi. Ina da girman kai a kan aikina, ba sai wani ya faɗa mini ba, kuma wannan labarin a kan girman kan nan ne.

Wata Talata ce a ƙarshen damina, da sassafe, ko shara ban gama ba, sai ga wata mata ta sauko daga motar Kurfi rungume da ƙunshin zani. Yadda ta riƙe shi sai ka ce jariri ne.

"Ina kwana, Malam. Kai ne Malam Rabo mai labule?"

"Ni ne, Hajiya. Bismilla."

"Malama dai, ban je ba tukun. Sunana Halimatussa'adiyya, ina koyarwa a firamare can Kurfi. Aiki na kawo, amma yau ɗin nan nike son shi, kahin la'asar."

Na yi dariya. Kowa yau yake so. Na ce ta kwance mu gani.

Da ta warware zanin sai wari ya bugi hancina, ba na ƙazanta ba, na tsohon ɗaki: hayaƙin kara, man shanu, ɗan ƙamshin daddawa. Labulen ƙofa ne na yadi mai kauri, irin wanda aka daina kawowa tun ina yaro. Da alama ja ne a da, da ratsin shuɗi, amma yanzu duk ya koma launin bangon madafa. Na ɗaga shi a haske. Gefen da ya sha rana ya zama kamar rariya, kana hango titi ta cikinsa.

"Malama," na ce, "ba zan ɓoye miki ba. Wannan datti ne ke riƙe da shi. Ranar da dattin ya fita, shi ma ya tafi. Ki shiga kasuwa ki yanki sabo, ki huta."

"Da sabo zai yi, da ban taso tun asuba ba," ta ce. Ta zauna a kan bencin shago ba tare da na ce ta zauna ba, ta ba ni labari.

Labulen na ƙofar ɗakin mahaifiyarta ne, Inna Rekiya, tun suna zaune a ƙauyensu Barkiya. Da zaman ƙauye ya gagara, ita da mijinta suka ɗauko iyayen nata suka dawo da su gidansu a Kurfi. Shekara guda da dawowarsu Inna Rekiya ta rasu, yau shekara uku ke nan. Mahaifin nata, Malam Ashafa, tsufa ya taɓa masa tunani. Yana salla, yana gane 'ya'yansa, yana iya lissafa maka shanun da ya yi kiwo da sunayensu, amma abin da ya faru jiya ba ya zama a kansa. Da shi aka yi jana'izar matarsa. Bayan mako biyu ya tashi da safe yana tambaya ina 'Yar Dabawa ta shiga, wato Inna Rekiya, haka yake kiranta, da sunan garinsu.

"Sau huɗu muna hwaɗa mishi," in ji ta. "Duk sanda aka hwaɗa, sabuwar mutuwa ce. Shi yi kuka, shi ƙi cin abinci kwana ukku, shi rame, sannan shi manta, shi sake tambaya. Na huɗun sai da aka ƙara mishi ruwa. Ran nan na rantse ba za ni sake kashe mishi ita ba."

Sai suka yi dabara. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin gida da suke ajiye buhunan gero, suka rataya labulen a ƙofarsa. Tsohon yana ganin labulen ya natsu. Kullum da hantsi sai ya jawo tabarma ya zauna a gabansa, ya yi sallama, ya shiga yi mata hira. In ya ce me ya sa ba ta fitowa, sai a ce tana da baƙi mata. Shi ke nan, magana ta ƙare. Mutum ne da bai taɓa ɗaga labule ya shiga kan baƙin mata ba, kuma ba yanzu zai fara ba. Shekara biyu da rabi ana haka lami lafiya.

Abin da ya kawo ta wurina tari ne. Tsohon na wuni da fuskarsa dab da labulen, ƙirjinsa ya fara shaƙewa, likita ya ce a raba shi da ƙura. Ba a taɓa sauke labulen ba, don ba a taɓa samun ranar da ba ya gida ba. Yau mijinta, Malam Sirajo, ya tafi da shi Katsina a yi masa hoton ƙirji, sai bayan la'asar za su dawo.

"In ya dawo bai iske labulen nan a ƙohwa ba, ko ya iske wani daban, zai gane," ta ce. "An ce mani in akwai mai iya wanke shi bai mutu ba, kai ne."

Ai kuwa ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Tausayi ya kama ni, wannan gaskiya ne, amma ban da tausayin akwai daɗin jin an ce sai ni. Na ture aikin wani alhaji gefe, na ce ta zauna ta sha kallo.

Farkon abin da jahilin mai wanki yake yi shi ne ya jiƙa. Ƙura in ta sha ruwa taɓo take zama, ta shige cikin zare, ba ta fita har abada. Na shimfiɗa labulen a kan babban teburina, na auna tsawonsa da faɗinsa na rubuta a bango da alli. Na rufe shi da gidan sauro, na bi ta sama da injin zuƙar ƙura a mafi ƙarancin ƙarfinsa, taƙi ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya. Abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara. Sannan na jiƙa farin ƙyalle na danna a cikin kalmasar ƙasa, inda ido ba ya gani, don in ga ko rinin zai zuba. Jan ya ɗan biyo ƙyallen. Wato ruwan sanyi ke nan, kuma kada ya jima a ciki.

Na ɗauko wani tsohon gidan sauro na yanka biyu, na sa labulen a tsakiya, na bi shi da allura da farin zare, manyan ɗinki, layi-layi, yadda in yadin ya yi laushi a ruwa ragar za ta ɗauki nauyinsa. Wannan kaɗai ya ci mini fiye da awa guda. Malama tana zaune tana duba agogon wayarta, ni kuwa ko kallonta ban yi ba.

A wajen ɗinkin ne na lura da gefen dama, daidai tsayin kafaɗar mace. Akwai wani baƙin tabo mai maiƙo, ya yi santsi kamar fata. Na san irinsa. Wurin da hannu ke kamawa ne in za a shiga. Ina da maganin da zai fitar da shi cikin minti goma, har na miƙa hannu zan ɗauko kwalbar, sai na fasa. Na kira ta na nuna mata.

"Hannun Inna ne," ta ce.

"To zan bar shi."

Tsohon da ya koya mini aiki da zai ga na bar tabo da gangan da ya jefe ni da dutsen guga. Amma ni a lokacin ji nake babu mai hankali kamata a duk faɗin Katsina.

Ruwan sama nake tarawa a duro saboda irin wannan rana, don ruwan burtsatse yana sa yadi tauri. Na cika dogon kwamin da nake wanki a ciki, na narkar da sabulu marar ƙarfi har ya daina kumfa, na kwantar da labulen a miƙe cikin ragarsa. Ba cuɗa, ba murza, ba bugu. Tafin hannu kawai, ka danna ka saki, ka matsa gaba. Ruwan farko ya fito kamar shayi. Na biyu kamar ruwan tsamiya. Sai a na biyar ya fito fari. Ina dannawa ina salati a zuci, don duk dannawa ɗaya ina jiran in ji zare ya saki a ƙarƙashin hannuna. Bai saki ba. Na naɗe shi cikin manyan tawul na tsotse ruwan, na shimfiɗa shi a inuwa na kunna masa fanka biyu. Da na farke ɗinkin na ɗaga ragar, labule ya fito lafiya, ko yatsa ɗaya bai ragu a tsawo ba.

Saura abu guda. Yanzu ƙamshin sabulu yake yi, kuma tsoho ko ya manta komai hancinsa ba ya mantawa. Na fita bayan shago na samo karan dawa, na kunna a kasko, na kashe harshen wutar, na riƙa gilma labulen ta saman hayaƙin daga nesa, kaɗan dai, yadda zai ɗauki wari ba toka ba. Malama ta sunsuna, sai hawaye.

"Wallahi ɗakin Inna," ta ce. "Allah shi yi maka albarka, Malam Rabo."

Ana kiran azahar muka gama. Labulen da sauran danshi, kuma haka ake so. Tsohon yadi irin wannan ba a sa masa dutsen guga, da ɗan danshinsa ake rataya shi, nauyinsa ya ja shi ya miƙe da kansa. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta, za ta rataya in ta isa.

"A'a," na ce. "Labulen da na wanke ni ke rataya shi. In kika ja shi ta gefe guda yana da danshi, zai yage a hannunki, wahalar yau ta tashi a banza."

Ta janye hannunta. "Cikin gida ne fa, Malam. Can ƙurya."

"Minti biyar ne. Ki kira maigidan ki nemi izini."

Ta kira. Malam Sirajo ya ce babu komai, in shiga, su har yanzu suna kan layi a asibiti. Maganar da na faɗa mata gaskiya ce, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Da na nuna mata yadda za ta riƙe shi, da ta iya. Mace ce mai natsuwa. So nake in ga aikina a tsaye a ƙofarsa.

Na naɗe labulen a jikin bututun roba don kada ya karye, muka shiga mota. Hanyar Kurfi gero duk ya sunkuyar da kai, wasu har sun fara yanka. Ƙarfe uku saura muka isa.

Gida ne na rufin asiri, zaure, tsakar gida mai bishiyar darbejiya, ɗakuna uku. A can ƙurya ga ɗan ɗakin, ƙofarsa a buɗe, buhunan gero a jere da wani tsohon keke. A gefen ƙofar an jingine tabarma a naɗe, ga buta a kusa da ita.

Ta kifa mini turmi na hau. Igiya ce aka ɗaure tsakanin ƙusa biyu. Na zura labulen a hankali, na ɗaura, na sauko na ja da baya in duba. Ya zauna, amma gefen hagu ya fi na dama sauka da kamar yatsa biyu. Ƙusar ce aka kafa a karkace.

"Ya yi, Malam," ta ce. "Haka shike tun da. Zo mu tahi."

"Ina! Ai in ya bushe a haka, a karkace zai zauna. Kawo mini guduma."

"Don Allah ka bar shi."

"Minti biyu."

Yau in na tuna minti biyun nan sai in ji kamar in mari kaina. Na sake hawa turmin, na kwance igiyar, na saɓa labulen a kafaɗata, na zare ƙusar. Ina riƙe da ita a baki ina neman inda zan kafa, sai muka ji sallama a zaure. An sallame su da wuri, wayar Malam Sirajo kuma caji ya ƙare a hanya.

Dogon tsoho ne siriri, da farar hula da sanda, surukinsa na riƙe da hannunsa. Yana shigowa da murmushi, yana cewa, "'Yar Dabawa, yau na sha mota har..." Sai ya tsaya.

Ya dube ni, ƙato a kan turmi, da labulen matarsa a kafaɗa. Ya dubi ƙofar. Buhunan ban tabbata ya gan su ba ma. Ni ya fi kallo.

"Baba, sannu da hanya," in ji Malama. "Mai gyara ne. Inna ta ɗan leƙa maƙwabta, shi ne aka ce..."

Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"Namiji a ƙohwar ɗakin 'Yar Dabawa," ya ce a hankali. "Shekara hamsin, ko ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya bai taɓa tsayawa nan ba. Rana ɗaya ce maza ka shiga har nan su ɗebe labule." Ya juya wurin 'yarsa. "Sa'adiyya. An hitar da ita ke nan?"

Na ga bakinta ya buɗe. Na san ƙarya take nema, kuma na yi ta roƙon Allah a zuciyata ya ba ta. Amma tambaya ce ta kai tsaye daga uba, a kan mutuwa. Ta durƙusa a gabansa ta kama ƙafarsa, kuka ya ƙwace mata.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji tsohon. Ya maimaita sau uku. Sandar ta faɗi, Malam Sirajo ya tallafe shi. "Ina can ana ɗaukar hoton ƙirjina. Ba ku jira ni ba. Ko salla ban yi mata ba."

Babu wanda ya faɗa masa cewa ya yi mata sallar, shekara uku da suka wuce, a sahun gaba. Wa zai fara?

Na wanke masa ƙura, na bar masa hannunta, har hayaƙinta na mayar masa. Komai na tuna, ban da kaina. Ni da aka haifa a yankin nan, na san gidan da ba a shiga tun kafin in san sabulu, amma sai na ɗauki kaina ma'aikaci, na manta ni namiji ne baƙo. Garin gyaran gira na tsone ido. Kunya da baƙin cikin da na ji a kan turmin nan ban taɓa jin irinsu ba, ko ranar da aka binne mahaifina.

Tsohon bai yi kururuwa ba. Ya share fuskarsa da hannun riga ya ce wa surukinsa, "Sirajo, kai mani tabarma waje. Mutane za su zo, kada su iske ba kowa."

Suka fita. Malama ta shige ɗakinta. Aka bar ni ni kaɗai a tsakar gida da labule a kafaɗa. Ban san abin da zan yi ba, sai na kafa ƙusar na rataya shi. Ya sauka sambal, ko'ina daidai. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma babu wanda ya kalla.

Gidan ƙofa ɗaya gare shi, dole ta zaure zan fita. Yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya tanƙwashe ƙafa, carbi a hannu, Malam Sirajo na gefensa ya sunkuyar da kai. Masu wucewa suna kallonsu suna mamaki, don ba su ji an yi rasuwa a unguwa ba. Na so in raɓa ta gefe in sulale, amma ba a wuce mai zaman makoki. Na cire takalmi na durƙusa a bakin tabarmar.

"Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗana."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin, amin." Ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya ƙura mini ido. "Kai ne na gani ciki. Da kai anka ɗauke ta ko?"

Na dubi Malam Sirajo. Bai ɗago ba.

"Da ni, Baba."

"Allah shi biya ka." Ya ɗan matso, ya rage murya kamar mai jin nauyin a ji. "Kwankwasonta na dama na yi mata ciwo, ba ta son hwaɗi. Kuma shi ne za a sa ƙasa. Kun dai kwantar da ita a hankali ko?"

"A hankali, Baba," na ce. "Wallahi a hankali."